Duhu Uku na Hansatu

Sagiru, kashe tocilar nan. Na ce ka kashe! Tun da aka ɗauke wuta kake ta haska lungu-lungu kamar mai neman kazar da ta ɓata. Miƙo min ita nan. Yawwa. Zulai, matsa ki ba shi wuri a tabarmar. Tunda kun ƙi barci, bari in gaya muku abin da ya sa ba na son a riƙa wasa da haske. Kuma wannan ba tatsuniya ba ce. Rabinsa da idona na gani, sauran rabin daga bakin mai shi na ji.

Sunanta Hansatu. Tare muka yi aji shida a sakandare, benci ɗaya muke zama. A makarantarmu kowa sai ya zaɓi sana'a guda da za a koya masa kafin ya fita. Wasu suka ɗauki ɗinki, wasu gyaran lantarki. Mu biyar muka ɗauki aikin bayan dandamali. Kun san in ana wasan kwaikwayo akwai waɗanda ake gani suna kuka suna dariya. To akwai kuma waɗanda ba a gani. Su ke jan labule, su ke kunna fitilu, su ke ɗauke kujera su kawo kwale-kwale cikin duhu kafin 'yan kallo su ƙifta ido. Mu ke nan. Baƙaƙen kaya muke sawa daga sama har ƙasa, mu cire takalma tun daga bakin ƙofa, domin dandamalin na katako ne, ƙarƙashinsa fanko, ko tari ka yi sai ya amsa.

Ni labule nake ja. Hansatu ita ce mai haske.

Yarinyar nan Allah ya ba ta ido. Akwai wata leda mai launi da ake sawa a bakin fitila. Sai ki ɗauko mata ja guda biyu, ke a wurinki duk ja ne, ita kuwa ta ce wannan jan faɗuwar rana ne, wancan na garwashi ne. Burinta kawai ta tafi jami'a ta karanci aikin. Babanta ya kan yi dariya ya ce, "Yanzu kunna fitila ma sai an je jami'a?" Ita dai ta yi murmushi ta ci gaba da yanka ledojinta.

Ɗakin da muke koyon aikin tsohon gini ne a can ƙarshen makaranta, bayan bishiyoyin dalbejiya. Duk tagoginsa an buga musu baƙin yadi da ƙusa, tun kafin a haife mu. Ko da rana tsaka ka shiga ka rufe ƙofa, tafin hannunka ba za ka gani ba. Ku lura da wannan. Duhun dare yana zuwa ya tafi, amma duhun ɗakin nan ya fi shekara talatin bai fita ba. Ai kun san su wa ke son irin wannan wurin.

Malaminmu Malam Isuhu ne, wani siriri mai furfura a gefen kai, ba ya faɗa, ba ya duka. Doka biyu kawai ba ya wasa da su. Kafin ka kashe fitila sai ka ɗaga murya ka ce, "Za a yi duhu!" Kowa ya amsa, "Mun ji!" Kafin ka kunna kuma sai ka ce, "Ga haske nan, a kare ido!" Ka jira numfashi uku, sannan ka kunna. Dalilin da ya ba mu shi ne wani zai iya kasancewa a kan tsani, fuskarsa a bakin fitila. Gaskiya ne kuwa. Akwai wata ƙatuwar fitila da muke kira Giwa, in ta ɗau zafi ƙwai za ka iya soyawa a bayanta.

Wata rana Hansatu ta tambaye shi, "Malam, in ba kowa a ɗakin fa?"

Ya ce, "Ko ba kowa."

Muka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

To jarrabawarmu ta aikin hannu ta faɗo ranar wata Litinin. Mutum biyu za su zo daga babban birnin jiha su zauna su kalli wasa, su ba kowa maki a kan aikinsa. Wasan na wata tsohuwa ce da ta kwana a bakin kogi tana jiran ɗanta masunci. A ƙarshe za a yi duhu ƙirin, sannan gari ya waye a hankali, a hango kwale-kwalen yana tahowa. Wannan wayewar garin ita ce jarrabawar Hansatu. Wata uku tana shirya ta. Har asubanci take yi ta hau saman tankin ruwan gidansu don ta ga wane launi ke riga wani fitowa. Ta gwada ta gutsure-gutsure, amma ba ta taɓa haɗa ta gaba ɗaya da 'yan wasa da hayaƙi ba.

Ran Juma'a, da Malam da maza suka tafi masallaci, mu kuma muka nufi gida, sai ta ce min, "Kubura, je ki, zan ɗan gwada Giwa sau ɗaya."

Na ce, "Ke kaɗai?"

Ta ce, "Minti biyar ne."

Wallahi har yau ina jin haushin kaina. Yunwa nake ji, na tafi.

Ta shiga, ta rufe ƙofa. Ta lalubi hanya har zuwa teburinta a can bayan kujerun 'yan kallo, inda akwatin makunnai yake, irin waɗanda in ka tura sama haske ya ƙaru, in ka jawo ƙasa ya ragu. Ta buɗe baki za ta yi kiran. Sai ta ji kunya. Mutum shi kaɗai a ɗaki yana ihu kamar taɓaɓɓe? Ta ce a ranta, wa zai ji? Ta sa yatsa ta tura makunnin Giwa har ƙarshe, lokaci guda.

Ashe wani ya gotar da bakin fitilar da tsani. Hasken bai sauka a kan dandamali ba. Can ya faɗa, a lungun baya, inda aka jingine tsofaffin allunan wasa da ba wanda ya taɓa su shekara da shekaru.

Sai ta ji ƙara. Siririya, gajeriya, kamar an taka ɗan kyanwa.

Daga nan shiru.

Ta ce, "Waye?" Ba amsa. Ta kashe, ta ɗau jakarta ta fita da sauri. A hanya ta lallashi kanta cewa mage ce ta haihu a wurin.

Washegari Asabar muka taru da ƙarfe goma don gwaji na ƙarshe. Komai lafiya har aka zo duhun farko, inda ake shigo da bukkar tsohuwa. Hansatu ta ce, "Za a yi duhu!" Muka ce, "Mun ji!" Ta kashe.

A wurinmu duhun nan ƙirga goma ne kawai. A wurinta ta ce ya fi awa.

Ta fara jin tafiya a kan katako. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ranta ya ɓaci, don ta san Malam zai ce aikin ya lalace. Ta ɗau oba-oba, ɗan rediyon kunne da muke magana da juna da shi, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Wa ya hau da takalmi? A cire."

Oba-oban bai ko yi shuu ba. Tafiyar ta sauko daga dandamali. Ta hau siminti. Ta biyo tsakanin kujeru, ba sauri, ba tuntuɓe, a cikin duhun da mu sai mun lalubi bango.

Hansatu ta sake cewa, "Don Allah a cire takalmin nan."

Aka ce, "Ba takalmi ba ne."

Tafiyar tana can nesa, amma muryar a jikin kunnenta take. Muryar mace ce, sai dai kamar daga cikin randa take fitowa. Akwai wata 'yar jar fitila a gefen akwatin, ƙarama kamar ƙwayar wake, wadda ke nuna akwai wuta. Da ita ta ga bakin zane baƙi ya tsaya a gabanta. Ta sauke ido ƙasa. Kofato ne, irin na jaki, guda biyu.

Ta so ta yi ihu, muryar ta ƙi. Ta so ta karanta abin da ta iya, harshen ya yi nauyi. Bismillah kawai ta samu ta fitar, ita ma a rarrabe.

Matar ta ce, "Da jiya kika yi ta."

Sai ta juya baya. Goyo ne a bayanta. An naɗe fuskar yaron da tsumma, yana wani numfashi sama-sama.

"Barci yake," in ji matar. "Idonsa a buɗe, haka namu ke barci. Shekara talatin muna nan. Ba mu taɓa ɓoye muku guduma ba, ba mu taɓa girgiza muku tsani ba. Kullum ana gaya mana, mu rufe wa yara ido. Ke ba ki faɗa ba."

Hansatu ta ce, "Iya, ban sani ba."

"An gaya miki."

"Ki yi haƙuri. Don Allah ki yi haƙuri."

"Haƙurin zai gani da shi?"

"Me zan yi? Ko mene ne zan yi."

"Ba abin da za ki yi," in ji matar. Kuma ba da fushi ta faɗa ba, abin da ya fi ba Hansatu tsoro ke nan. "Ke lokaci guda kika ɗauke ganinsa. Mu ba haka muke ba. A hankali za mu ɗauki naki, yadda aka koya miki rage fitila. Duk sanda haske ya mutu a ɗakin nan, wani abu zai tafi. Duhu uku. Wannan na ɗaya ke nan."

Can sai ta jiyo muryar Malam Isuhu yana cewa, "Hansatu, mun shirya, haske!" Ta yi kiran, ta jira, ta kunna.

Ba kowa a gabanta. Dandamali na nan, bukka na nan, muna nan. Amma launi ya tafi. Zanen tsohuwar da ta san shuɗi ne ya koma toka. Kogin da muka shafa wa kore, toka. Ta kalli hannunta, lallen da aka yi mata ran Alhamis ya zama baƙi-baƙi kamar dauɗa.

Ni na fara ganewa. Na je karɓar jar leda a wurinta, ta miƙo min koriya. Na ce, "Ke, wasa kike?" Ta riƙe hannuna da ƙarfi har farcenta ya shige ni. Ta ce, "Kubura, kira min Malam, kar ki bari kowa ya taɓa makunnin nan."

Malam ya sallami kowa, ya bar mu biyu. Ta gaya masa komai tana kuka. Na zaci zai ce mafarki ne, ko yunwa. Sai na ga dattijon nan ya zauna a ƙasa dirshan, ya cire hularsa.

Ya ce, "Laifina ne. A littafi, don na kan tsani ake kiran nan. Amma tsohon kafintan da na tarar a nan ya gaya min, a ɗakin nan ba don na kan tsani kaɗai ba ne. Na ji nauyin in gaya muku, kar ku ce malaminku mai camfi ne."

Ya tashi ya yi alwala, ya je lungun nan ya tsaya daga nesa, ya yi sallama, ya yi karatu mai tsawo. Ya roƙa. Na ji da kunnena yana cewa, "Yarinya ce, ni na kasa koya mata, ku ɗauki nawa." Ko motsi ba a yi ba. Daga ƙarshe ya ce, to, tunda sai haske ya mutu, ba zai mutu ba. Ya bar fitila ɗaya a kunne, ya kulle ɗakin, ya sa makullin a aljihu.

A gida kuwa Innarta ba abin da ba ta yi ba. Rubutu, tofi, hayaƙin habbatussauda, man zaitun a fatar ido. Babanta ya ɗauko limamin unguwa, aka yi karatu har muryoyi suka dushe. Hansatu na zaune a tsakiya, ana yi tana amsa amin, amma ranta na can wurin fitila ɗaya da ke ci a ɗakin da ke nesa da ita tafiyar rabin awa. Ku duba fa. Idon mutum a rataye a jikin waya, a ƙasar nan da wuta ba ta yini.

Ran Lahadi da la'asar ina gidansu, Innarta na taje mata kai a tsakar gida. Fankar falo na juyawa, muna jin ƙararta. Sai ƙarar ta fara ja baya. Ta tsaya. An ɗauke wuta, kuma layin wutarsu ɗaya da makaranta.

Hansatu ta ɗago kai ta kalli uwarta. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Inna, yi magana."

"Me zan ce, 'yar nan?"

"Yi magana dai, in san ke ce."

Fuskoki sun tafi. Tana ganin mutum a tsaye, tana ganin ƙofa, tana ganin inda rana take, amma fuska ta zama kamar an shafe allo da jiƙaƙƙen tsumma. Innarta ta yar da matajin ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa na rasa abin yi, sai na tsuguna na kama tsince gashin da ya zuba a ƙasa, kamar shi ne matsalar.

Malam Isuhu yana gidansa aka ɗauke wutar, kuma nan take dabara ta zo masa. Yanzu ɗakin duhu ne. In ya je ya kashe makunnin kafin a dawo da wuta, ya kulle ɗakin har abada, ba za a sake kunnawa ba, balle a yi duhu na uku. Ya fito ko takalmi bai sa daidai ba, ya tari ɗan acaba. Suka yi gudu. A bakin kasuwa wata motar itace ta tare hanya. Ya sauka ya ci gaba da ƙafa, mutum mai shekara kusan sittin yana gudu a titi. Ya shigo makaranta, ya wuce dalbejiyoyin, makulli a hannu.

Saura taku kaɗan ya ga haske ya fito ta ƙarƙashin ƙofa. An dawo da wuta.

Da magariba ya zo gidan su Hansatu. Bai iya shiga ba, a zaure ya tsaya. Ya ce ya jona fitilar da janareton makaranta, zai zauna a wurin ya riƙa zuba mai. Zai je wurin shugaban makaranta a soke jarrabawar, ko a kai ta wani wuri.

Hansatu ta fito tana bin bango. Ta ce, "Malam, kwana nawa janareto zai yi?"

Ta ƙara da cewa, "Ƙwan fitilar fa? Wata nawa yake yi kafin ya mutu?"

Sannan ta ce, "Duhun zai zo, Malam. Ko ina banɗaki, ko ina tsallaka titi. Ba zan iya zaman jiransa ba, kowace ƙara na ji sai gabana ya faɗi. Gara in kashe da hannuna, in san lokacin. A yi wasan."

Ya ce, "Sai mu cire duhun ƙarshen. Ki yi wayewar garinki haka nan, ki gani."

Ta ce, "Daga ina garin zai waye in ba a yi duhu ba?"

Babanta, mai dariyar kunna fitila, ya juya ya fuskanci bango. Kafaɗunsa kawai nake gani suna motsi.

Ran Litinin ni na riƙe hannunta har teburin. Malam ya gyara wasan, duk canjin kaya a rabin haske za a yi, duhu ɗaya tak ya bari. Ta sa na shirya mata ledojin, tana tambaya ina faɗa mata launi. Ta shafa makunnan ɗaya bayan ɗaya, ta manna ɗan ƙyalle a kan na Giwa. Masu jarrabawa suka zauna a gaba da takardunsu, ɗalibai suka cika ɗaki. Ba wanda ya san komai sai mu uku.

Kafin in koma wurin labule ta ce, "Tsaya." Ta matso da fuskarta daf da tawa, ta daɗe. Sannan ta ce, "A'a. Je ki."

Aka yi wasa. Haskenta bai kuskure ko sau ɗaya ba, da kunne take bin maganar 'yan wasa. Ni ina gefe riƙe da igiya, ina roƙon Allah kar tsohuwar nan ta kai maganarta ta ƙarshe. Amma ta kai. Ta zauna a bakin kogi ta ce ko zai dawo ko ba zai dawo ba, ita tana nan.

A ranar wasa ba a ɗaga murya, a oba-oba ake raɗa kiran. Na ji ta a kunnena, muryar ƙanƙanuwa. "Za a yi duhu."

Wallahi ban iya cewa mun ji ba. Malam ne ya amsa shi kaɗai.

Ta fara jawo makunnin. Ta ce min ta zuba ido a kan ɗan farin da ya rage a tsakiyar dandamali, tana jawowa yana ƙanƙancewa, kuma ta san hannunta ne ke kashe shi. Ta tsaya saura kaɗan. Ta ja numfashi. Ta ƙarasa.

Ta juya wajen 'yar jar fitilar nan ta gefen akwati. Babu ita.

Ƙwas. Ƙwas. A gefenta aka tsaya.

"An gama," in ji matar.

Hansatu ba ta roƙa ba, roƙon ya ƙare mata. Tana jin mu a kan dandamali muna turo kwale-kwale, tana jin ƙamshin hayaƙin da aka saki. Tana jin numfashin yaron a kusa da kafaɗarta, ya daina yin sama-sama. Yatsunta na kan makunnai. Lokacin haske ya yi.

Sai ta miƙe tsaye. A gaban masu jarrabawa, a tsakiyar wasa, ta buɗe murya iya ƙarfinta yadda ya kamata ta yi ran Juma'a.

"Ga haske nan, a kare ido!"

Ɗaki ya yi tsit. Wani yaro ya fara dariya aka kwaɓe shi. Ta jira numfashi uku cikakku.

A jikin kunnenta aka ce, "Mun ji."

Ta fara turawa.

Ku saurara, ni na gani, kuma ban sake ganin irinsa ba. Da farko ba ka ma san an kunna ba, sai dai ka ga baƙin ya fara laushi. Sai wani shuɗi mai sanyi ya kwanta a kan ruwa. Sai fari-fari a can ƙasa, siriri. Hayaƙin ya tashi ya zama hazon kogi. Sai ja ya fara tsattsafowa, jan garwashin nan nata, ya taɓa gefen fuskar tsohuwa. Can a ƙarshe ta saki Giwa, kaɗan-kaɗan, har ta haske kwale-kwalen da mutum a tsaye a ciki. Na ji sanyin asuba a jikina, da ƙarfe goma sha ɗaya na rana. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya ajiye bironsa ya manta da shi.

Ita kuwa tana tsaye a cikin baƙi ƙirin, tana ƙirga a zuci. Sai ta ji wata 'yar murya a bayan matar.

"Inna, mene ne wancan?"

"Asuba ce."

"Kai! Haka take?"

"Haka take. Kalla da kyau."

Nan Hansatu ta gane inda idanunta suka tafi. Ta ce min a duk abin da ya faru, wannan ne ya fi yi mata ciwo, kuma wannan ne kaɗai ya ɗan sanyaya mata rai. Ba ta san yadda abu ɗaya zai yi duka biyun ba.

Ana tafi, ɗaki kamar zai tsage, matar ta ce, "Mu ba ɓarayi ba ne. Ga idanunsa, ki riƙe. Ranar cikinsu ta ƙone, amma daren yana nan." Wani yatsa mai sanyi kamar ƙanƙara ya taɓa fatar idonta, dama da hagu. Ƙwas, ƙwas, tafiyar ta yi nisa.

Na rufe labule na ruga wurinta. Tana tsaye, idanu a buɗe, suna nan kamar kullum, sai dai ba ni suke kallo ba. Ta lalubo hannuna.

Ta ce, "Kubura, ya yi kyau?"

Na buɗe baki. Me zan ce mata? Da wace kalma? Na rungume ta kawai ina kuka kamar wawiya, ita ce ma ke bubbuga bayana.

An kai ta asibiti uku, likitoci suka ce ba su ga komai ba. Da rana ba ta gani, ko kyandir aka kunna sai komai ya ɓace mata. Amma in duhu ya yi sosai, irin wanda ku ba ku ganin hancinku, sai ta ga komai tar, har allura a ƙasa. Da sakamako ya fito ta fi kowa maki. Takardar ta ajiye har dare, ta sa aka kashe fitilu, ta karanta da kanta. Jami'a kam ba ta je ba. Malam Isuhu bai ƙarasa shekarar ba ya ajiye aiki.

Kuma ba allura kaɗai take gani a duhun ba.

Bara ta zo gidan nan, kuna makarantar allo ba ku gan ta ba. Muna zaune a nan, a kan wannan tabarmar, aka ɗauke wuta kamar yau. Ta cire baƙin gilashinta, ta dube ni ta ce na yi ƙiba. Sannan ta juya can, bayan tankin ruwa, inda Sagiru yake ta haskawa ɗazu. Ta ɗan rusuna ta yi sallama. Ta ce min, "Ki hana yaran gidan nan haska wurin can. Akwai mai jego."

Zulai, sakar min zane, za ki yaga shi.

Ga tocilarka, Sagiru. In fitsari kake ji, ba za ka je kai kaɗai ba, ku tafi tare. Kuma duk duhun da ka tarar a zaune, a ɗaki ne ko a lungu, kar ka kuskura ka watsa masa haske ba ka faɗa ba. Ka san abin da za ka ce. Ka ɗaga murya, kar ka ji kunya, ka jira numfashi uku. In ka ji an ce "mun ji" daga can bayan tankin, kar ka gudu. Ka kau da bakin tocilar ƙasa kawai, ka wuce.